Dashen Lemo a Bayan Keke

Shekara talatin da ɗaya na yi ina raba wasiƙu a kan keken gidan waya, kuma ba a taɓa kai ƙarata wurin shugaba cewa saƙon wani ya jiƙe ko ya salwanta a hannuna ba. Na fara da wannan ne don duk wanda zai yi mini dariya a gaba ya san da wa yake yi.

A tsakar gidan da muka yi haya tun muna ango da amarya akwai bishiyar lemun tsami. Maiɗakina ce ta shuka ta a shekarar da ta haifi 'yarmu, wadda ita kaɗai Allah ya ba mu. A gindinta take wanki, a reshenta take rataye tsumman goge hannu, in kuma muka yi faɗa can take jan kujera ta zauna ta ba ni ƙeya. Shekara huɗu ke nan da rasuwarta. Bara mai gidan ya zo yana ta sosa kai, ya ce zai zuba shaguna a tsakar gidan, bishiya kuwa dole ta tafi. Ban ga laifinsa ba, gidansa ne. Na roƙa ya ɗaga mini wata huɗu, ya kuwa ɗaga.

Wani maƙwabcina da ya taɓa aikin lambu ya nuna mini dabara: ka ɗan feƙe ɓawon reshe, ka ɗaure wurin da danyar ƙasa a cikin leda, ka bar shi har ya fitar da saiwa, sannan ka yanke ka dasa. Reshe shida na ɗaure, uku suka kama.

'Yar tawa tana can ɗaya ƙarshen ƙasar, tana aikin ba da magani a wani asibiti. Tun tana ƙarama nake kiranta Alƙaliya, don ba a taɓa yin magana a gidanmu ta wuce ba ta yanke hukunci a kai ba. Ita da mijinta, masu 'ya ɗaya 'yar makaranta, sun gina gida mai ɗan fili a baya, kuma tun rasuwar uwarta take fama da ni in tattara in koma wurinsu. Ni kuma na ce ban zama kaya ba tukuna. Da ta ji zancen shaguna sai ta ce, "To Baba, in kai ba za ka zo ba, a kawo mini lemon Mama."

Dashe na farko direban bas na ba. Ya tura shi cikin but, wurin zuba kaya, kusa da inji, ya isa can kamar busasshen ganyen shayi. Na biyu na haɗa da wani mai babbar mota da ya rantse mini zai riƙe shi kamar ɗansa, a hanya aka ɗora masa buhun siminti. Kafin labarin ya iso ni an riga an sare uwar, har an fara haƙa harsashin shago a inda take. Saura ɗaya ke nan a duniya, ga shi a bakin ƙofata, tsawonsa bai wuce daga gwiwar hannuna zuwa yatsa ba.

Na kira Alƙaliya na ce da kaina zan kawo shi, kuma a kan keke.

"Baba, kilomita dubu da ɗari biyu ne fa."

"Na yi ninkinsa ba adadi a cikin garin nan."

"Lokacin da ƙuruciyarka. Ka shiga mota mana, ka riƙe shi a cinya."

"Mota ta ci biyu. Ba za ta ci na uku ba."

Sai ta ce duk yamma za ta kira, in ban ɗauka ba za ta turo a nemo ni.

Darasi na farko da aka koya mana ranar da muka kama aiki shi ne ƙunshin da ke yoyo ba ya shiga jaka. Don haka na sami bokitin fenti mai kauri, na wanke shi tas, na shimfiɗa leda ninki biyu a ciki, na bi gindinsa da salatif zagaye uku ko da akwai wata tsaga da idona bai gani ba. Na zuba ƙasa na dasa lemon, na tattaro bakin ledar na ɗaure a jikin sandarsa, na bar 'yar ƙofa ta zuba ruwa. Na cika shi na jijjiga, ko ɗigo. Na ji daɗin aikina ƙwarai. Sannan na ciro takardar shaidar karɓar saƙo daga wani tsohon littafi da ya rage a akwatina, na cika ta yadda doka ta ce, a faɗi abin da ke ciki daidai: dashen lemo guda ɗaya, ganye ashirin da uku. Na bar gurbin sa hannun mai karɓa. Na ɗaure bokitin a kariyar bayan keke da igiyar roba, jakar kayana a kan keke, na kulle ɗaki.

Kwana biyun farko ba na son tuna su. Cinyoyina suka ce ba su san zancen ba, sirdin da na yi shekaru a kai ya koma kamar bulo. Amma hanya tana da daɗi in ka rabu da hayaƙin gari. Gonaki hagu da dama, shanu suna kallonka kamar sun san ka, sarƙa tana ta 'yar ƙararta a ƙasa. Duk inda na tsaya nakan juya in duba dashen kafin in duba kaina.

Ni mutum ne da ba na son a ba ni. Shekara talatin ni nake miƙa wa mutane, su ce sun gode. In aka miƙo mini abu sai in ji hannuna ya yi nauyi. Saboda haka na ɗauki burodina da gwangwanin madarata, na ƙudura ba zan ɗora wa kowa nauyi ba. Ruwan dashen ne kawai ya fi ƙarfina, dole in roƙa.

A rana ta uku na tsaya a wani ƙaramin gari, gaban shagon tela, na ce a taimaka mini da kofin ruwa. Telan ya leƙo ta saman tabarau.

"Sannu da hanya, Baba. Shiga inuwa mana, a kawo mai sanyi."

"Ba ni zan sha ba. Shi ne." Na nuna bayan keken.

Ya fito da almakashi a hannu yana kallo. Mai walda da ke shagon kusa ya kashe injinsa ya matso. Ban yi niyyar ba da labari ba, amma tambaya ɗaya ta jawo wata, har na kai kan buhun siminti. Telan ya kama haɓa ya ce iska ce za ta kashe shi kafin rana, dubi yadda ganyen ya fara yagewa a baki. Mai walda ya ce shi dai bai taɓa ganin ɗinkin telan nan ya kare kowa daga komai ba. Telan ya ce ƙofar da mai walda ya yi wa surukarsa har yau da dutse ake tokare ta. Suna wannan tsiya hannuwansu na aiki. Mai walda ya lanƙwasa waya ya yi ɗan keji a kan bokitin, telan ya yanko tsohon gidan sauro ya ɗinka masa riga har da zif a gefe. Da suka gama sai ga lemona a lulluɓe kamar amarya. Kowannensu ya buɗe zif ya zuba masa kofi guda, matar telan ma ta aiko da nata, ta ce a zuba da sunanta. Suka ce in zauna a ci abinci, na ce a ƙoshe nake, cikina kuwa yana kiran ciroma.

Alƙaliya ta kira da yamma. "Ganye nawa, Baba?"

"Ashirin da uku, cif."

Rana ta biyar na iso wani hawa da ba shi da ƙarshe. Na sauka ina tura keken, gumi har cikin takalmi. Wata tirela ta wuce ni tana nishi, ta tsaya a gaba. Direban ya sauko, ƙato mai furfura a gemu, ya ce a ɗora ni da keken gaba ɗaya. Na ce masa irinsu ne suka kashe mini biyu. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce to tunda bishiya ba ta shiga mota, jakar fa, ita ma tana da tarihi? Kafin in yi magana ya kwance ta ya jefa a gaban motar, ya ce in tarar da ita a wurin mai sayar da dafaffen ƙwai a saman tudu. Yana jan motar na farga da wautar da na yi. Rigunana, maganina, cajar wayata, duk na miƙa wa mutumin da ko lambar motarsa ban duba ba, ni da ban taɓa ba da wasiƙa ba sai na ga shaida. Awa biyu na yi ina tura keke ina zagin kaina.

A saman tudun na tarar da jakata a kan benci, mai ƙwan ta rufe ta da kwali kada rana ta dake ta. An ƙara mini man zafi da gorar ruwa babba. Ta ce direban ya ce man na gwiwata ne, ruwan na bishiya. Na ji kunya har cikin raina.

Direban nan bai riƙe bakinsa ba. Daga ranar labarina ya riga ni gaba. Manyan motoci in za su wuce sai su yi nisa da ni su danna ham sau biyu. In na shigo gari sai in ji ana cewa ga mai bishiya nan. Masu aikin titi suka tare ni suka shayar da shi daga tankinsu. Wata malamar makaranta ta fito da 'yan ajinta gaba ɗaya, ta yi musu darasi a kan saiwa da ganye, ta rufe da zuba masa jug guda. Wani maigadin asibiti da ya ba ni wurin shimfiɗa a ɗakinsa sai da ya ba shi ruwa da safe kafin ya wanke fuskarsa. Kowa yana son ya sa hannu a ladan, ni kuwa ina buɗe zif ina godiya. Abinci in aka miƙo in ce Alhamdulillahi, na ci. Ruwan dashe kuwa ban taɓa mayar da ko kofi ɗaya ba. Na dai lura keken yana ƙara nauyi a baya, na ce tsufana ne.

A rana ta takwas na buɗe zif na ga ganye biyu sun yi rawaya. Na taɓa su suka faɗo a hannuna. Na ce ƙishirwa ce, zafin hanya ya yi masa yawa, na ƙara masa ruwa. Washegari uku suka bi, daga nan suka yi ta zuba. Na ƙara. Na daina tafiya da tsakar rana, nakan nemi inuwa in zauna kusa da shi ina masa fifita da hulata.

"Ganye nawa, Baba?"

"Sha ɗaya."

Ban iya ƙarya a kan lissafi ba, aikinmu bai koya mana ba. Na ji ta ja numfashi.

"Baba, ni kai nake so ka iso. Ka bar zancen ganye."

"Ba ni kika aika a kawo ba, lemo kika ce," na faɗa da zafi na kashe wayar. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba da ita nake fushi ba. Ina ganin abin da ya rage na hannun uwarta yana mutuwa a bayana ganye ɗaya bayan ɗaya, kuma ban san abin da zan yi ba.

Rana ta goma sha ɗaya, saura ganye bakwai, na tsallake wata gada na ga rumfa a gefen kogi, an jera dashen itatuwa cikin baƙaƙen ledoji har bakin titi. Wata tsohuwa ce a wurin, gajera, ta sa takalmin roba na maza, tana cika leda da ƙasa. Na yi sallama na ce a taimaka wa mara lafiya da ruwa. Ta amsa ba ta ɗago ba, ta ce in kawo shi ta gani. Ta buɗe zif, ta kwance bakin ledar, ta kai hancinta, ta ja da baya tana yamutsa fuska.

"Wane mara imanin ne ya ɗaure wannan?"

"Ni ne, Inna. Shekara talatin da ɗaya ina..."

"Ina ramin gindin bokitin?"

"Wane rami? Ai ba ya yoyo ko kaɗan. Da kaina na gwada."

Ta dube ni daga hula har takalmi. "Bawan Allah, me kake yi kafin ka fara kashe itatuwa?"

Na gaya mata. Ta ce ai shi ya sa. Ta ɗauko ƙusa da guduma, ta kwantar da bokitin, ta buga sau ɗaya. Wani baƙin ruwa mai wari ya tsarto, ya yi ta zuba kamar an buɗe famfo. Ina tsaye ina kallon ruwan tela da na matarsa, da na direba, da na malama da maigadi, duk yana bin ƙasa yana gangarawa kogi. Kwana goma sha ɗaya ƙafar lemon tana cikin kwata, ni ina ƙara masa.

"Wannan ba wasiƙa ba ce," in ji ta. "Abu mai rai dole ya sha ya fitar. Kai in aka ɗura maka ruwa kwana goma aka hana ka zagayawa, ya za ka yi?"

Ta zare shi daga taɓon, ta wanke saiwar a cikin kwano. Fiye da rabi ta yi baƙi, tana saɓulewa a hannu kamar jiƙaƙƙen zare. Ta sa almakashi ta bi ruɓaɓɓun duka, ta barbaɗa toka a wurin yankan. Sannan ta kama ganyen.

"Inna, tsaya! Su ke nan suka rage!"

"Saiwar da ta rage ba za ta iya ciyar da su ba. Ka zaɓa, ganye ko itace."

Na juya baya don kada in gani, amma ina jin ƙarar almakashin, sau bakwai, da na takwas da ta rage masa tsawo. Da na waiwayo sanda ce kawai tsaye a cikin bokitin, mai ƙaya biyu. Hawaye suka zubo mini, a gaban matar da ban sani ba. Ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta kamo babban yatsana ta sa farcen a jikin sandar ta ɗan kankare. Ƙarƙashin ɓawon kore ne shar.

"In dai kana ganin wannan, da ransa. Wa ya shuka uwarsa?"

"Maiɗakina. Ta rasu."

"Allah ya jiƙanta. Ta iya zaɓen iri, mai taurin kai ne. Da wani ne da tuni ya tafi."

Ta huda gindin bokitin wuri shida, ta zuba tsakuwa, ta haɗa ƙasa da yashi. Ta ce ba zai hau keke ba sai ya kwana biyu a inuwa. Ni ma ta ce haka, tunda ƙafafuna sun kumbura. A rumfar kayan aikinta na sauka. Na yi mata facin tayar baro, na cika mata leda wajen ɗari biyu, tana bina tana zazzage waɗanda na danna da yawa. Da ta miƙo mini kwanon shinkafa na fara cewa a ƙoshe nake, ta ce in ajiye wannan ƙaryar a bakin titi, a nan ba a yinta. Na ci, na ƙara.

Ranar tafiya ta koya mini in tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu, in na ji danshi kada in ba shi ko ɗigo. Na ce mata matsalar mutane ce, ban san yadda zan hana su ba, da zuciya ɗaya suke yi. Ta ɗauko ragowar fenti ta rubuta a jikin bokitin da manyan baƙaƙe: KADA A BA SHI RUWA. Na tambaye ta abin da zan ba ta, ta ce in ya yi 'ya'ya a aiko mata da guda uku, kuma kada a ɗaure su a leda.

Rubutun nan ya canja mini tafiya. A garin farko da na tsaya, wani mai gyaran rediyo ya taho da kofinsa cike, ya karanta, ya tsaya turus. Ya dubi kofin, ya dube ni.

"To kai fa, Baba? Kai ma likita ya hana?"

Na karɓa na shanye. Daga nan abin ya koma kaina. Duk wanda ya zo da niyyar alheri ya tarar an rufe ƙofar bishiya, sai ya juyo wurina, kuma na rasa bakin cewa a'a, don na ga yadda fuskar mutum take yi in aka mayar masa da hannunsa. Na sha shayi a gareji, na ci ayaba a shingen masu duba motoci. Wata mai wanki ta ƙwace rigunana ta wanke ta goge, wani wanzami ya zaunar da ni ya ce ba za a ce mai bishiya ya ratsa garinsu da wannan ƙasumbar ba. Wani mai gyaran keke ya ji ƙarar fedata tun daga nesa ya tare ni ya canja mini boris, yana ta yi wa keken kirari wai irinsa sun ƙare. Ban taɓa ƙiba a kan hanya ba sai a kwanakin nan bakwai. Duk safiya in tura yatsa a ƙasa, in duba ɗan wurin da aka kankare. Kore.

Alƙaliya ta daina tambayar ganye tun da na gaya mata abin da ya faru. Sai dai ta ce, "Ka ci abinci?" in ce na ci, kuma gaskiya ne.

Rana ta ashirin da hantsi na shiga layinsu ina duba lambar gidaje, aikin da na fi iyawa a duniya. Ban kai ga ƙwanƙwasawa ba ta buɗe ƙofa da gudu, da rigar aikinta, ta riƙe kan keken tana dariya tana kuka. Surukina ya durƙusa ya gaishe ni, ya karɓi jakar. A bayan gidan na ga sun haƙa rami tun tuni, har ciyawa ta fara fitowa a bakinsa.

Na kwance bokitin, na buɗe zif. Kunya ta rufe ni. Kwana ashirin, ƙasa guda, ga abin da na kawo: sanda. Ta tsuguna ta daɗe tana kallonta. Na nuna mata koren, ta shafa shi da yatsa ta ce, "Sannu da zuwa, Mama." Mu uku muka dasa shi, na hana surukina zuba bokitin ruwan da ya ɗebo sai rabin kofi.

Bayan na yi wanka na ci abinci, na ciro takardar na miƙa mata da biro. Na ce ta sa hannu, in huta kwana uku in kama hanya, ɗakina yana can a kulle. Ta karanta a hankali, ta ɗago.

"Baba, wa ya cika wannan?"

"Ni."

"An rubuta ganye ashirin da uku. Ina suke?"

"Ke ma kin san abin da ya faru."

"Na sani. Amma kai ka koya mini kada in sa hannu a kan abin da ban gani ba. Kuma kai ka ce mai kawo saƙo ba ya barin ƙofa sai an sa masa hannu." Ta ninke takardar ta mayar mini a aljihun riga. "In sun cika ka kawo."

Surukina ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Na yi faɗa, na ce wannan zalunci ne, ta ce in ɗaukaka ƙara. Ɗakin da suka sauke ni tagarsa tana kallon ramin, kuma na lura an kafa ƙusa a bango daidai tsayin da nake rataye hulata. Ba ranar aka kafa ta ba.

Kwana goma sha tara sanda tana nan sanda. A na ashirin wani ɗan toho ya ɓullo kusa da ƙaya, ƙanƙane kamar ƙwayar shinkafa. Na kira su da ihu har maƙwabta suka leƙo. Daga nan sai ya kama kamar yana jiran izini. Na samu aikin yi: in tura yatsa da safe, in kore awakin maƙwabta, in kai jikata makaranta a kariyar da bokitin ya bari. Masu shagunan layin suka san ni. In an ba ni kujera yanzu zama nake yi.

Yau wata huɗu ke nan. Da safen nan na tsuguna na ƙirga, na sake ƙirgawa daga ƙasa zuwa sama yadda ba zan tsallake ko ɗaya ba. Talatin da ɗaya, ban da ƙananan da ke tafe. Takardar tana aljihuna, biro ma haka. Alƙaliya ta fito da jakarta za ta tafi aiki, ta tsaya a bayana.

"Ganye nawa yau, Baba?"

Ban ɗago ba. Na ce, "Sha tara."

Ta dubi lemon. Ko makaho ya shafa ya san ya wuce haka. Ta gyara ratayar jakarta.

"Da saura ke nan," ta ce. "Kada ka manta, yau ƙarfe ɗaya ake tashin 'yan makaranta."

Na ce ina sane, na tashi in duba iskar taya.